Ma'aunin Abokin Gaba: Manufofin Amurka na Ƙetare Daga 1947 Zuwa Yau

Tsakure

Maƙalar nan ta bi sawun manufofin Amurka na ƙetare tun daga 1947, shekarar da aka ɗaura ɗamarar yaƙin cacar baka, zuwa shekarun nan da Washington ta karkata hankalinta ga Sin da Rasha. Hujjar da take kafawa ita ce, a tsawon wannan zamani Amurka ta fi auna ƙananan ƙasashe da amfanin da za su yi mata a karonta da babban abokin gabanta na lokacin, halin da jama'arsu suke ciki kuwa yakan zo daga baya. An jingina hujjar da abin da ya faru a Iran, Kwango, Angola, Somaliya, Afganistan da Nijar.

Harsashin 1947

A watan Fabrairun 1946 wani jami'in ofishin jakadancin Amurka a Mosko, George Kennan, ya aika wa Washington doguwar wayar tangarahu yana amsa tambayar da ta ɗaure wa magabatansa kai: me Stalin yake nema? Ya ce shugabannin Tarayyar Sobiyet ba za su daina neman faɗaɗa ikonsu ba, amma ba su da ganganci, duk inda suka tarar da turjiya sukan ja da baya. Saboda haka yaƙi bai zama dole ba. A tare su a wuraren da suke da muhimmanci, a yi haƙuri, tsarin nasu zai ruɓe daga ciki. A 1947 ya faɗaɗa wannan ra'ayi a mujallar Foreign Affairs, ya sa harafin X a madadin sunansa.

Wuraren da suke da muhimmanci a lissafin Kennan ba su da yawa. Cibiyoyin masana'antu biyar ne ya ga za su iya ƙera kayan babban yaƙi: Amurka, Birtaniya, Jamus da kewayenta, Japan, da ita kanta Sobiyet. Aikin Amurka shi ne kada ta bari sauran su faɗa hannun Mosko. 'Yan siyasa ba su tsaya nan ba. Da Birtaniya, wadda Yaƙin Duniya na Biyu ya tatse, ta sanar cewa ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin Girka da Turkiyya ba, sai Shugaba Harry Truman ya tsaya gaban majalisa ranar 12 ga Maris 1947 ya nemi dala miliyan 400 domin ƙasashen biyu. Majalisar tana hannun jam'iyyar Republican, kuma tsuke bakin aljihu take so. Don ya shawo kanta, sai ya gabatar da bukatar a matsayin alkawari ga duk al'ummar da take fuskantar tsiraru masu makamai ko matsin lamba daga waje, kowa kuwa ya san 'yan gurguzu ake nufi. Kuɗin na ƙasashe biyu ne, alkawarin ya haɗa duniya baki ɗaya. Kennan kansa bai ji daɗin wannan faɗin ba.

A shekarar ce aka kafa dokar tsaron ƙasa wadda ta haifi hukumar leƙen asiri ta CIA. Shirin Marshall ya biyo baya da kimanin dala biliyan 13 domin farfaɗo da Yammacin Turai, a 1949 kuma ƙasashe 12 suka kafa NATO. Cikin 1949 ɗin Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliya, Mao ya karɓe Sin. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a Yunin 1950 sai kasafin tsaron Amurka ya ninka sau uku cikin ɗan lokaci, aka daina ganin wani lungu na duniya a matsayin wanda za a iya kau da kai daga gare shi.

Adalci ne a ce a Turai da Japan manufar ta ci nasara. Jamus ta Yamma da Japan sun tashi daga toka sun zama ƙasashen dimokuraɗiyya masu arziki, manyan ƙasashen biyu kuma ba su taɓa gwabzawa gaba da gaba ba. Ko rikicin makamai masu linzami na Kyuba a Oktoban 1962, wanda ya kai duniya bakin rami, da ciniki ya ƙare: Khrushchev ya kwashe nasa, Kennedy ya yi alkawari a asirce zai kwashe na Amurka daga Turkiyya. Matsalar ta taso ne da aka kai ma'aunin Turai ƙasashen da rigimarsu ta ƙwatar 'yanci ce, da mallakar arzikin ƙasa, da rabon iko tsakanin yankuna.

Tehran da Leopoldville

A 1951 Iran ta ƙwace man fetur ɗinta daga hannun kamfanin Anglo-Iranian na Birtaniya. Firayim Minista Muhammad Musaddik lauya ne, ɗan babban gida, mai kishin ƙasa, ba shi da alaƙa da aƙidar gurguzu. Da Landan ta kai wa Truman kukan fetur bai saurare ta ba. Da Eisenhower ya hau mulki sai ta sauya salo, ta nuna masa jam'iyyar Tudeh ta 'yan gurguzun Iran da iyakar ƙasar da Sobiyet. A Agustan 1953 aka tumɓuke Musaddik, kuma a 2013 takardun CIA da aka buɗe suka tabbatar da hannunta. Sarki Muhammad Reza Pahlavi ya ƙara shekara 25 da ɗoriya yana mulki da 'yan sandan ciki na SAVAK, har juyin juya halin 1979 ya kore shi, ɗalibai suka yi garkuwa da Amurkawa 52 na kwana 444. Gabar da ta biyo baya ta riga ta fi abotar daɗewa nesa ba kusa ba. Guatemala a 1954 da Chile a 1973 sun ɗanɗana irin wannan.

Labarin Kwango ya fi sauri. Ta sami 'yanci ranar 30 ga Yuni 1960. Cikin kwanaki sojoji suka yi bore, Beljiyam ta turo dakaru, lardin Katanga mai arzikin tagulla ya ɓalle. Firayim Minista Patrice Lumumba ya kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya, ya je Washington da ƙafarsa, da ya ga ba wanda zai taya shi murƙushe 'yan a-waren sai ya roƙi Mosko jiragen sama da motoci. Wannan kaɗai ya ishe shi laifi. Kwamitin Sanata Frank Church ya gano a 1975 cewa CIA ta aika da guba Leopoldville, babban birnin ƙasar, domin a kashe shi. Ba a kai ga amfani da ita ba, don ranar 17 ga Janairu 1961 an harbe shi a Katanga, a gaban jami'an Beljiyam. Mobutu ya ƙwace mulki a 1965, ya zauna har 1997, ƙasar tana tsiyacewa shi yana shiga fadar White House yana fita. Kada a manta, daga mahaƙar Shinkolobwe ta Katanga aka samo akasarin yuraniyom ɗin da Amurka ta fara ƙera bam da shi.

A Biyetnam ne ma'aunin ya fi cin rayuka. Amurka ta ɗauki yaƙin 'yan kishin ƙasar da suka riga suka kori Faransa a matsayin reshen faɗaɗar Sin da Sobiyet, ta jibge sojoji fiye da 500,000 zuwa 1968, ta rasa sama da 58,000, 'yan ƙasar kuma suka mutu da miliyoyi. Saigon ta faɗi a Afrilun 1975. Kafin nan, a 1972, Nixon ya riga ya je Beijing ya gaisa da Mao, wanda aka ce don a tare shi ake yaƙin.

Wasiƙar Ford da amsar Legas

Angola ta cancanci a dakata a kanta, domin a nan ne wata ƙasar Afirka ta ƙi yarda da ma'aunin a bainar jama'a. Bayan juyin mulkin Lisbon na 1974, Fotugal ta shirya ficewa, ta bar ƙungiyoyi uku suna hararar juna: MPLA ta Agostinho Neto, FNLA ta Holden Roberto, da UNITA ta Jonas Savimbi. Tun da MPLA tana samun makamai daga Mosko, sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger ya sa CIA ta riƙa tura wa sauran biyun kuɗi da makamai ta hannun Mobutu. A Oktoban 1975 sojojin Afirka ta Kudu suka kutsa daga kudu suna neman Luanda, Kyuba ta turo dubban sojoji suka tare su.

Da farko Najeriya gwamnatin haɗin gambiza take goyon baya. Shigar sojojin wariyar launin fata ce ta sauya lissafin, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta amince da MPLA a ƙarshen Nuwamba. Gab da taron gaggawa na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Shugaba Gerald Ford ya rubuta wa shugabannin nahiyar wasiƙa yana neman kada su amince da MPLA, yana kuma ɗaura ficewar Afirka ta Kudu da ficewar Kyuba da Sobiyet. A idon Washington wannan daidaito ne. A idon Legas cin fuska ne a sa sojojin Pretoria a sahu ɗaya da waɗanda suka zo korar su. Najeriya ta saki wasiƙar ga jaridu tare da zazzafar amsa, ranar 11 ga Janairu 1976 kuma Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya shaida wa taron cewa Afirka ta wuce karɓar umarni daga wata babbar ƙasa. Taron ya tashi 22 da 22, amma cikin Fabrairu ƙungiyar ta amince da MPLA. A shekarar Legas ta ƙi karɓar baƙuncin Kissinger.

Abin dariya, in da dariya a ciki, shi ne kamfanin Gulf Oil na Amurka yana haƙar mai a Cabinda yana biyan gwamnatin MPLA haraji, sojojin Kyuba suna gadin rijiyoyinsa daga 'yan tawayen da Amurka take goyon baya. Majalisar Amurka ta hana tallafin ɓoye a 1976, ta ɗage hanin a 1985, a Janairun 1986 Reagan ya karɓi Savimbi a White House. Da Savimbi ya sha kaye a zaɓen 1992 sai ya koma daji, yaƙin bai tsaya ba sai da aka kashe shi a 2002. Sunan Nelson Mandela kuwa bai fita daga jerin waɗanda Amurka take sa wa ido kan ta'addanci ba sai a 2008.

Musayar abokai

Shugabannin ƙananan ƙasashe ba wawaye ba ne, sun gane ma'aunin sun koyi cin kasuwarsa. Habasha ta Haile Selassie ta Amurka ce, har da tashar sauraren sirri a Asmara. Somaliya ta Siad Barre ta Sobiyet ce, har da sansanin jiragen ruwa a Berbera. Da sojoji masu ra'ayin gurguzu suka hamɓarar da sarkin a 1974, Barre kuma ya mamaye yankin Ogaden a 1977, sai Mosko ta koma bayan Habasha. Barre ya kori Rashawa, a 1980 Amurka ta gaji Berbera, kamar 'yan kasuwa biyu da suka yi musayar rumfa ba wanda ya tambayi masu saye. A 1988 jiragen Barre suka yi wa Hargeisa, birnin ƙasarsa, ruwan bama-bamai. A Chadi, ƙiyayyar Gaddafi ce ta sa gwamnatin Reagan ta rungumi Hissène Habré, wanda wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2016 saboda kisa da azabtarwa.

Haka aka yi a Gabas. Da Sobiyet ta shiga Afganistan a Disamban 1979, Amurka da Saudiyya suka zuba kuɗi domin mayaƙan da suke yaƙar ta, hukumar leƙen asirin Pakistan ta riƙa rabawa, kuma ta fifita ɓangarori masu tsattsauran ra'ayi irin na Gulbuddin Hekmatyar. A 1986 aka kai makaman Stinger masu kakkaɓo jirage. Sojan Sobiyet na ƙarshe ya fice a Fabrairun 1989, a 1990 Washington ta yanke wa Pakistan tallafi saboda shirinta na nukiliya, wanda ta yi shekaru tana kau da kai daga gare shi. Aka bar Afganistan da tulin makamai ba gwamnati, har Taliban ta shiga Kabul a 1996. A Bagadaza kuwa, Donald Rumsfeld ya gaisa da Saddam Hussaini a Disamban 1983 a matsayin manzon Reagan, saboda Iraki tana yaƙi da Iran.

Shekarun da babu abokin gaba

Katangar Barlin ta faɗi a Nuwamban 1989, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disamban 1991, kusan yadda Kennan ya hango. Yaƙin korar Iraki daga Kuwait a 1991 ya nuna abin da Amurka za ta iya in ta bi ta Kwamitin Sulhu: ƙawance mai faɗi, har da sojojin Nijar da Senegal, da manufa mai iyaka.

Shekarun da suka biyo baya gwaji ne mai kyau ga hujjar wannan maƙala, don sun nuna nauyin ƙaramar ƙasa in babu wanda ake gasa da shi a kanta. An tura sojoji Somaliya a ƙarshen 1992 domin kai abinci, da aka kashe 18 a Mogadishu a Oktoban 1993 sai aka tattara komatsai. Wata shida bayan haka aka fara yanka a Ruwanda. An hallaka kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, Washington kuwa tana cikin masu neman a rage dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke can. Mobutu, wanda amfaninsa ya ƙare, ya gudu ya mutu a Maroko a 1997. Hankali ya koma Turai: NATO ta karɓi Poland, Hungary da Jamhuriyar Czech a 1999, ta ƙara ƙasashe 7 a 2004. Kennan, yana da shekara fiye da 90, ya rubuta a 1997 cewa wannan babban kuskure ne. Ƙasashen Gabashin Turai suna ganin abin da ya sami Yukren daga baya ya wanke su, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce.

Dokar 2001 da 'ya'yanta

Harin 11 ga Satumba 2001 ya kashe kusan mutum 3,000, ya kuma ba ma'aunin sabon abokin gaba. Kwana uku bayan harin majalisa ta ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfi kan waɗanda suka kitsa shi da masu ba su mafaka. 'Yar majalisa ɗaya tak, Barbara Lee, ta ƙi. Izinin bai ambaci ƙasa ba, bai sa wa'adi ba, shugabannin da suka biyo baya kuma sun jingina da shi sun kai farmaki a Yemen, Somaliya, Libiya da Siriya, har kan ƙungiyoyin da ba a kafa su ba a 2001. Tsarin mulki majalisa ya ba ikon shelanta yaƙi, amma rabonta da yin haka tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Iraki ce babbar ɓarna. Ranar 5 ga Fabrairu 2003 sakataren harkokin waje Colin Powell ya gabatar wa Kwamitin Sulhu hujjojin makaman ƙare dangi, aka shiga a Maris ba da yardar kwamitin ba, ba a kuwa sami makaman ba. A Mayu Paul Bremer, wanda Amurka ta ɗora kan mulkin ƙasar, ya rusa rundunar sojan Iraki, ya sallami dubban ɗaruruwan mazaje masu horo ba albashi. Wasu daga cikin hafsoshin sun ɓulla a sahun ƙungiyar IS da ta kama Mosul a 2014. Amurka ta rasa sojoji kusan 4,500, Iran ce kuma ta fi kowa cin riba. A Afganistan aka yi shekara 20, gwamnatin Trump ta ƙulla yarjejeniya da Taliban a Doha a Fabrairun 2020 ba tare da gwamnatin Kabul ba, ranar 15 ga Agusta 2021 Taliban ta koma fadar da aka kore ta daga ciki.

Ba komai ne ya bi ma'aunin ba, wannan ma gaskiya ce. Shirin PEPFAR da George W. Bush ya kafa a 2003 domin yaƙi da cutar ƙanjamau ya ceci rayuka kimanin miliyan 25, akasarinsu a Afirka. A 1986 majalisa ta ƙetare kujerar na-ƙi ta Reagan ta ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumi. Amma in aka duba, waɗannan daga matsin cikin gida suka fito: coci-coci, ɗalibai, 'yan majalisa baƙar fata. Ba hukumomin tsaro ne suka haife su ba.

Daga Tripoli zuwa Agadas

A 2011 Kwamitin Sulhu ya ba da izinin kare fararen hula a Libiya, NATO ta zarce har aka kashe Gaddafi a Oktoba. Obama ya amsa daga baya cewa rashin shirya wa abin da zai biyo baya shi ne mafi munin kuskurensa. Sahel ce ta biya: rumbunan makamai suka buɗe, mayaƙa suka gangaro, arewacin Mali ya faɗi a 2012. Nijar ta zama abar so. Rundunar Amurka mai kula da Afirka, AFRICOM, wadda aka kafa a 2007 take kuma da hedikwata a Stuttgart ta Jamus, ta fara tashin jirage marasa matuƙa daga Yamai a 2013, sannan ta gina sansani a Agadas da kuɗin da ya haura dala miliyan 100.

Ranar 4 ga Oktoba 2017 'yan bindiga suka yi wa wani ayarin haɗin gwiwa kwanton ɓauna a kusa da ƙauyen Tongo Tongo, daf da iyakar Mali, suka kashe Amurkawa 4 da wasu sojojin Nijar. Manyan sanatoci, ciki har da Lindsey Graham na kwamitin kula da harkokin soja, suka fito talabijin suka ce ba su san Amurka tana da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Waɗanda suke amincewa da kasafin ke nan.

A daidai lokacin abokin gaban ya sake sauyawa. Kundin dabarun tsaro na Pentagon na 2018 ya bayyana cewa gasa da manyan ƙasashe, wato Sin da Rasha, ita ce babbar damuwa, ta'addanci ya koma baya. Trump ya ɗora wa kayan Sin haraji a 2018, Biden bai janye ba, ya ƙara da hana sayar mata da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta zamani a 2022. Jam'iyyu biyun da ba sa ga maciji sun haɗu a kan wannan. Mamayar da Rasha ta yi wa Yukren a Fabrairun 2022 ta farfaɗo da NATO, Finland da Sweden suka shiga, mambobi suka kai 32. Amma da Washington ta nemi ƙasashen Afirka da Asiya su tsaya kan dokar duniya, sai suka tuna mata Iraki, daga Oktoban 2023 kuma suka nuna mata Gaza, inda ta yi ta hawa kujerar na-ƙi kan ƙudurorin tsagaita wuta tana ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 3.8 duk shekara, ban da ƙari.

Dokar kasafin Amurka ta wajabta yanke tallafi ga ƙasar da sojoji suka kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati. A Masar a 2013 gwamnatin Obama ta kauce wa yanke hukunci kan ko juyin mulki aka yi, don kada tallafin dala biliyan 1.3 ya tsaya. A Nijar, inda sakataren harkokin waje Antony Blinken ya je a Maris ɗin 2023 ya yaba wa dimokuraɗiyyar ƙasar, sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, Washington ta yi ta jan ƙafa har Oktoba kafin ta ayyana juyin mulki. Sansanin Agadas ake lallaɓawa. A Maris ɗin 2024 wata tawagar Amurka ta je Yamai tana gargaɗi kan hulɗa da Rasha da Iran. Kwanaki kaɗan bayan tafiyarta sojojin suka soke yarjejeniyar tsaro da Amurka, masu horarwa daga Rasha suka sauka a Afrilu, Amurka ta bar Agadas a Agusta. Dimokuraɗiyyar ba ta tsira ba, sansanin bai tsira ba, hare-haren yankin Tillabéri kuma ba su lafa ba, a zamanin Amurkawa da na Rashawa duka.

A Disamban 2024 Biden ya je Angola. Mai masaukinsa João Lourenço ɗan MPLA ne da ya yi karatun soja a Tarayyar Sobiyet. Abin da ya kai shi layin dogon Lobito ne, wanda zai riƙa ɗauko tagulla da kobalt daga tsohon lardin Katanga zuwa gaɓar Atlantika, don kada Sin ta mallake ma'adinan. Da Trump ya dawo a 2025 sai ya tuɓe wa manufar rigar ado: ya ba da umarnin ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya da yarjejeniyar yanayi ta Paris, ya rushe hukumar USAID da Kennedy ya kafa a 1961, sulhun Kwango da Ruwanda da aka sa wa hannu a Washington a Yuni kuma ya zo tare da maganar ma'adinai a fili. Shirye-shiryen lafiya da abinci ne suka fara shan wuƙa.

Da sojojin Nijar suke soke yarjejeniyarsu da Amurka, hujjar da suka kafa ita ce an ƙulla ta a 2012 ta hanyar musayar wasiƙun diflomasiyya, ba a kai ta gaban majalisar dokoki ba. Ana iya ƙin mulkin soja a kuma yarda cewa wannan gibi ne na gaske, kuma su ma ba su baje sharuɗɗan da suka ƙulla da Mosko a faifai ba. Maƙalar nan tana kira ga masana hulɗar ƙasashen waje a jami'o'in wannan yanki da 'yan majalisun ƙasashensu su nemi a buga duk wata yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Washington, Mosko, Beijing ko Paris, da wa'adinta da sharuɗɗan ficewa daga cikinta, a kuma yi muhawara a kanta a zauren majalisa kafin jirgin farko ya sauka.